Ƙullin da Ya Rage a Igiyar Saje

Akwai wani mutum a wani ƙauye na gindin dutse, wanda Allah ya ba tsawon rai har ya haura shekara tamanin. Da ƙuruciyarsa ya yi soja, ya dawo da tabon harsashi a kafaɗa, shi ya sa kowa ke ce masa Saje. Da ya ajiye kaki sai ya kama kiwo, garkensa ya yi albarka. Ga shi kuma maharbi. In ya dubi sawu a ƙasa sai ya faɗa maka ko gada ce ko kura, har da lokacin da ta wuce.

Yana da wata ƙa'ida. Duk tarkon da ya ɗana a daji, sai ya yi ƙulli ɗaya a wata igiya, ranar da ya tone tarkon ya kwance ƙullin. Kafin ruwan farko ya sauka ciyawa ta rufe ƙasa, igiyar nan ta koma sumul. Matarsa Tabita ta shekara hamsin tana ganin haka.

Sai wata shekara shanun ƙanensa Kefas suka yi masa ɓarna a gonar dawa. Akwai 'yar hanya da ta haɗa gidajensu ta bayan gonar, wadda suke bi tun suna yara. Magana ta yi zafi, Saje ya ce, "Kada in ƙara ganin ƙafarka ko ta saniyarka a hanyar nan." Washegari ya ɗauki babban tarkon ƙarfe, irin na kura, ya binne a tsakiyar hanyar, ya dawo ya yi ƙulli. Kefas bai san da tarkon ba, amma shi ma zuciya gare shi, ya daina bin wurin. Shekara tara ko gaisuwa babu, alhali coci ɗaya suke shiga, Jibin Ubangiji ɗaya suke ci. Abin kunya, jama'a, tsofaffi biyu da furfurarsu.

Tabita takan ce, "Maigida, ƙullin nan fa?"

Sai ya ce, "Gobe zan je."

Haka ya yi ta cewa har ƙafafunsa suka daina kai shi ko bakin garke. Wata safiya da kaka ya rasu.

Ranar jana'iza Tabita ta buɗe akwatinsa na ƙarfe don ta ciro kakinsa da lambobin yabo, sai ga igiyar da ƙullinta ɗaya. Ta san tarkon yana nan a binne. Amma gida cike yake da baƙi, ga girki, ga kuka. Ta ce a ranta, in an gama binnewa, gobe sai ta aika a tone. Ta cusa igiyar a haɓar zaninta ta fita.

A coci fasto ya karanta tarihin marigayi: yaƙin da ya je, shanun da ya raba wa gwauraye a shekarar yunwa, kurar da ya kashe ta daina ɗaukar awakin gari. Duk gaskiya ne. Tsofaffin sojoji suka miƙe suka sara wa gawar. Tabita kuwa idonta na bakin ƙofa, ko Kefas zai shigo. Ana cikin waƙar ƙarshe sai wani manomi ya shigo yana haki, ya ce a zo bayan gonar Saje.

Ashe Kefas ya taso, yana jan bijimi don abincin baƙi. Yana so ya ga fuskar yayansa kafin a rufe akwatin gawa, sai ya yanke ta tsohuwar hanya. Ƙarfen ya yi tsatsa, amma bai manta aikinsa ba.

Tabita ta iske maza huɗu suna kokawar buɗe tarkon. Kefas ya ɗago kai ya ce, "Tarkon Yaya ne, na san aikin hannunsa. Matar Yaya, an rufe shi?"

Ta ce, "An rufe."

Ya ce, "Kaico. Na zo ne in ce masa maganar dawar nan ta wuce."

An binne Saje, ƙanensa yana hanyar asibiti, ƙafar kuma ba ta tsira ba. Yau in an ambaci Saje a ƙauyen, ba a farawa da yaƙi ko shanu, sai a ce, "Wanda tarkonsa ya cinye ƙafar ƙanensa." Tabita tana nan da igiyar, ta kasa kwance ƙullin.

To, ga ma'anar misalin nan. Tarkon shi ne fushin da muke binnewa a hanyar ɗan'uwa. Ƙullin shi ne lamirinmu, wanda Ubangiji bai bari ya yi shiru ba. Saje bai manta ba, 'yan'uwa, ya sani sarai, jinkiri kawai ya yi. Tabita ma ta sani, ita ma ta ce gobe. Mutum yakan mutu ya bar fushinsa a ɗane, wanda yake kamawa kuwa shi ne mai zuwa neman sulhu. Allah ya yafe mana da yawa, ba mu da hujjar riƙe kaɗan. In akwai wanda kika daina gaisarwa, in akwai hanyar da ka bar ciyawa ta cinye, kada ka koma gida ka zauna. Tashi daga nan ka je ka tone, tun ƙafafunka suna iya kai ka.