Ƙwarin Bayan Ganye

A wani birni akwai wani dattijo wanda ya yi rayuwarsa duka yana noma. Da ƙarfinsa ya ragu, sai 'ya'yansa suka ɗauko shi daga ƙauye, suka kama masa ɗaki a wani gidan haya. Gidan ba shi da fili, daɓen siminti ne daga ƙofa har bango. Mutumin da hannunsa ya saba da ƙasa kuwa ba ya iya zama haka nan. Sai ya nemi tukwane da tsofaffin bokitai, ya cika su da ƙasa da taki, ya jera su gindin taga a cikin ɗakinsa. Ya shuka barkono da ɗoɗɗoya da furanni iri iri, Allah kuwa ya sa wa aikin albarka.

Kowace shekara in Idin Ista ya zo, shi ne yake kai furanninsa majami'a a jera su gaban bagade. In an tashi sujada, mutane su kewaye shi suna cewa, "Baba, hannunka da albarka yake." Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Aikin Ubangiji ne." Da farko har zuciyarsa yake faɗa. Amma da shekaru suka tura, bakinsa yana faɗin haka, kunnensa yana jira a ƙara yabon.

Ana nan sai wani tela, magidanci matashi, ya kama ɗakin da ke fuskantar na dattijon, shi da matarsa. Kayansu ba yawa. A cikin kayan akwai ɗan itacen lemu a tsohon gwangwanin fenti. Mahaifiyarsa ce ta shuka ƙwayar da hannunta, ba ta kuwa rayu ta ga ya yi reshe ba. Saboda haka duk inda telan ya koma, da lemun yake komawa.

Da ya ga shukokin dattijon, ya je ya durƙusa ya ce, "Baba, ka koya mini, kada lemun Inna ya mutu a hannuna."

Dattijon ya yi murna ƙwarai. Ya koya masa haɗa ƙasa da taki, da huda gindin tukunya don ruwa ya tsiyaye, ya kuma ba shi iri daga nasa. Tagar telan tana duban gabas, hantsi yana shiga ta cikinta. Kafin shekara ta kewayo, ɗakinsa ya cika da kore, ganyayen fato-fato, furannin kamar an zuba musu mai.

Wata rana matar telan ta haihu, matan zumuntar majami'a suka zo barka. Da suka fito tsakar gida suna neman takalmansu, ɗayarsu ta ce, "Kai, kun ga furannin ɗakin nan? Ai sun fi na Baba kyau."

Ba da mugun nufi ta faɗa ba, ba ta ma san dattijon yana zaune bayan labulensa ba. Amma ya ji. Ran Lahadi kuma fasto ya kira su biyun ya ce, "Bana ku biyu za ku yi wa ɗakin Ubangiji ado." Dattijon ya ce, "Madalla." Da ya koma gida aka kawo masa tuwo, ya kasa ci.

Tun daga ranar halinsa ya sake. In ya tashi da safe, ba tukwanensa yake fara dubawa ba, tagar maƙwabcinsa yake leƙe ta gefen labule. In ya ga sabon fure ya buɗe a can, sai ya ji kamar daga nasa aka tsinke. Yakan ce a ransa, "Ni na ba shi iri. Ni na nuna masa yadda ake riƙe tukunya. Yanzu shi za a kewaye a ƙofar majami'a, ni in tsaya gefe da sandata?" In telan ya gaishe shi, yana amsawa da fara'a, har ya tambayi jariri. Ba wanda ya ga wani abu a fuskarsa.

Bazara ta shigo da zafinta. Wata safiya dattijon yana ba wata shuka mai jan fure ruwa, ita ce ya fi ji da ita, sai ya ga ɗigo-ɗigon rawaya a ganyenta. Ya juya ganyen. A bayansa akwai waɗansu ƙwari 'yan mitsi-mitsi, jajaye kamar garin barkono, suna motsi a hankali cikin siririyar yana irin ta gizo-gizo. Ya san su tun yana gona. Suna tsotse ruwan ganye har ya bushe, kuma daga shuka ɗaya sukan bi sauran. Ya kuma san abin da ake yi: a ware tukunyar, a wanke ta.

Ya ɗauki tukunyar zai fita da ita, sai idonsa ya faɗa kan tagar telan. Ya tsaya. Wani tunani ya shigo masa, bai kuwa kore shi ba. Ya ce wa kansa, "Ba sata zan yi ba, ba zagi ba. Kyauta ce kawai. Abin da ya biyo baya ba ruwana."

Ya tsinke ganyayen da suka yi rawaya, ya goge fuskar sauran da jiƙaƙƙen tsumma har suna sheƙi, bai taɓa bayansu ba. Sa'an nan ya ƙetara tsakar gida da tukunyar, ya sami telan.

Ya ce, "Ɗana, ga wannan, na ba ka. Sa ta tsakiyar naka, kusa da lemun nan. Wurin ya fi samun rana."

Telan ya karɓa da hannu biyu, ya kira matarsa ta zo ta yi godiya. Ya ce, "Baba, wadda ka fi so ce fa." Dattijon ya ce, "Ai shi ya sa na kawo maka."

Da ya koma ɗakinsa ya rufe taga, ya saki labule, don ba ya so ya haɗa ido da su. Yana tsammani tun da ya fitar da tukunyar, ya fitar da ƙwarin ke nan. Haka ya ci gaba da zuba wa shukokinsa ruwa a cikin duhun ɗaki, da sauri, ba tare da ya dube su ba. Ɗakin kuwa ya yi zafi, ba iska, irin wurin da ƙwarin suka fi so.

Bayan 'yan makonni ya fara jin motsi a tsakar gida, ana fitar da tukwane, ana jan ruwa. Ya leƙa ya ga telan durƙushe, ya bar kekensa da ɗinkin mutane, yana wanke ganye ɗaya-ɗaya. Abin da dattijon ya yi ta jira ke nan. Ya nemi daɗin a zuciyarsa, bai same shi ba.

Wata safiya ya ji ana cewa, "Gafara dai, Baba." Ya fito ya tarar da telan riƙe da shukar nan mai jan fure. Ta rage ganye, amma ta yi sabon toho.

Telan ya durƙusa ya ce, "Baba, gafara na zo nema. Ƙwari sun shiga shukokina, ban san ta inda suka zo ba, har sun kama amanar da ka ba ni. Kunya ta hana ni zuwa in faɗa maka, sai na tambayi masu sayar da dashe. Suka ce in wanke bayan ganye da ruwan sabulu, in fesa ruwan ganyen darbejiya, in yi ta maimaitawa. Kullum da taka nake farawa. Ga ta, ta farfaɗo. Gara ta dawo hannunka kafin in kashe ta."

Dattijon ya dubi shukar. Ya ce, "Lemun fa?"

Telan ya ce, "Ya bushe, Baba. Ƙarami ne, kuma na makara a kansa." Ya share ido da bayan hannu. "Bari in duba naka, kada iska ta kawo maka daga wajena."

Dattijon ya ce, "Nawa lafiya lau suke." Amma telan ya riga ya shiga ya ɗaga labule, ya tura taga. Haske ya shigo. Shukokin nan duka sun yi fari-fari, yanar ƙwarin ta lulluɓe su daga reshe zuwa reshe, busassun ganye sun cika ƙasa. Dattijon kansa bai san abin ya kai haka ba.

Telan ya ɗora hannu a ka ya ce, "Wayyo, Baba! Ni na jawo maka wannan!"

A nan ne dattijon ya kasa ci gaba da ɓoyewa. Ya zauna bakin gado, ya ce, "Ba kai ba ne, ɗana. Daga ɗakin nan suka fita. Na gan su a bayan ganyen kafin in kawo maka. Da sanina na ce ka sa ta kusa da lemun. An yabe ka ne, ni kuwa na kasa ɗauka."

Telan ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Ya ajiye tukunyar a ƙasa, ya fita, ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa. Ranar bai gaishe shi ba, kashegari ma haka. Dattijon bai ga laifinsa ba. Ya yi kuka gaban Ubangiji, irin kukan da bai yi ba tun rasuwar matarsa.

Da aka kwana biyu, sai ga telan da bokitin ruwan sabulu. Ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, zuciyata ba ta gama hucewa ba. Amma na roƙi Allah ya ba ni ikon yafewa, ga shi na zo. Ɗauko tsumma."

Suka fitar da tukwanen duka waje. Waɗanda suka riga suka mutu suka ƙone su. Sauran suka yanke rassan da suka lalace, suka bi ganye ɗaya-ɗaya suna juyawa suna wankewa. Bayan 'yan kwanaki ƙwayayen da suka ɓuya suka ƙyanƙyashe, suka sake wankewa. Haka suka yi ta yi har ƙwarin suka ƙare. Ran Ista tukwane kaɗan suka kai majami'a, su ma ba su cika ganye ba, ba kuwa wanda ya kewaye kowa.

Daga baya dattijon ya shuka ƙwayar lemu, ya yi renonta har ta tsiro, ya kai wa telan. Telan ya karɓa ya yi godiya, ya ce, "Zan kula da shi, Baba. Lemu ne, amma ba na Inna ba ne." Dattijon ya ce, "Na sani."

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Shukokin nan su ne baiwar da Allah ya danƙa wa kowannenmu: wani murya ce, wani koyarwa, wani hannu mai bayarwa. Ƙwarin kuwa kishi ne. Ba ya zama a fuskar ganye inda mutane suke gani. Mutum yana iya zuwa sujada, yana gaisuwa da fara'a, yana cewa madalla, alhali a ɓoye kishi yana tsotse shi. Ku lura, dattijon ba mugu ba ne tun farko. Shi ya koyar, shi ya ba da iri. Magana ɗaya ya ji, ya ajiye ta a zuciya maimakon ya kai ta gaban Allah. Daga ranar da ya fara lura da tagar wani, ya daina lura da tasa.

Ya yi tsammani in ya kai wa ɗan'uwansa cutar, shi ya rabu da ita. Ba haka kishi yake ba. Duk abin da ka aika gidan wani, mafi yawansa yana nan ɗakinka. Rufe tagar kuwa shi ne ɓoye zunubi, a cikin ɓoyon nan yake hayayyafa. Warkewa ba ta fara ba sai da haske ya shiga, dattijon ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Kuma wanki ɗaya bai isa ba. Wanda ya tuba daga kishi yau, gobe zai ji an sake yabon wancan, sai ya sake komawa wurin Ubangiji a wanke shi.

Kada kuma ku manta da lemun. Allah yana gafartawa sarai, ɗan'uwa ma yana iya yafewa, amma akwai abin da kishi yake kashewa wanda ba ya dawowa: sunan mutumin da ka ɓata, ko ƙarfin zuciyar yarinyar da ka kushe har ta daina waƙa a ikkilisiya. Saboda haka kada ku jira sai yanar ƙwarin ta bayyana.

Yanzu kowa ya tambayi kansa, ba maƙwabcinsa ba: wane ne in aka yabe shi a gabana nake jin zafi? In wani suna ya zo maka, ka juya ganyen ke nan. Kada ka fita ƙofar nan sai ka yi addu'a dominsa, ka roƙi Allah ya ƙara masa.