Giɓin Ma'aji

A zamanin da giwaye ke shan ruwa inda kasuwar Birnin Tunau take yanzu, wani maharbi mai suna Tunau ya gangaro daga arewa tare da matarsa Dela da ƙanensa Mayau. Tunau na Dela, mai baka ɗaya kibiya ɗaya! An ce kibiyarsa in ta yi kisa takan komo cikin kwari da kanta. Shi ya kashe baƙar ɓaunar da ta hana kowa zama a dajin, mutane suka yi ta biyo shi har wurin ya zama gari.

Mahara kuwa ba su bar kowa ya sarara ba. Sai Tunau ya yanka wa kowane gida dami ɗaya cikin goma, a zuba a rumbun gari a ciyar da maginan ganuwa. Ya damƙa rumbun a hannun Mayau, ya naɗa shi Ma'aji, ya koma daji abinsa. Wannan ita ce wautar Tunau, kuma ba zan ɓoye ta ba.

Mayau mutum ne mai son a gani a yaba. Ya gina ƙofar gabas da soro biyu har da zane, ya tara makaɗa suna ci suna wasa shi. Kafin gini ya kai yammacin gari, rumbu ya yi ƙasa. Me gogan zai yi? Sai ya sa aka kafa zana taku arba'in, aka yaɓe ta da laka. Daga nesa ka rantse ganuwa ce.

Ran wata kasuwa da hantsi mahara suka dira. Dokin farko ya sa ƙirji, zana ta kwanta. Wayyo! Suka bi unguwar yamma da takobi da wuta, suna sare mata a bakin turmi. Da la'asar Tunau ya dawo ya tarar da gawa sittin da uku, cikinsu har da Dela, taɓarya na hannunta.

Ya tsaya a giɓin, ya murza lakar da ke jikin zana, ta zube. Aka jawo Mayau gabansa.

"Ina hatsin mutane?"

"Yaya, ai ka ga ƙofar gabas..."

"Na gani. Ta gabas suka shigo?"

Jama'a suka ɗauki ihu, a yanka shi. Tunau ya zare wuƙa, amma fa nono ɗaya suka sha. Can ya mayar da ita kube, ya ce, "Za su dawo, sun ga hanya. A kwaso matansa da 'ya'yansa a kafa musu bukka a giɓin nan. Ma'aji, yanzu kai ne ganuwa."

Ka ga aiki! Mayau da kansa ya rushe soron gabas, yana jidar tubali a ka zuwa giɓin har wuyansa ya kumbura. Kwana tara, saura taku biyar a rufe, mahara suka komo. Ya tare giɓin da mashi, 'ya'yansa na kuka a bayansa. Ya soke bakwai, Tunau na harbi daga kan ganuwa, ba dokin da ya wuce. Da ƙura ta lafa aka same shi a tsaye, jingine da mashinsa, kibau sun cika ƙirjinsa, ya daɗe da cikawa. Tunau ya rungume shi ya yi kuka kamar yaro, ya binne shi nan.

Har yau ba a cike taku biyar ɗin ba. Duk wanda aka ba ajiyar dukiyar garin, a giɓin yake zama da iyalinsa. Ranar naɗi kuma, kafin a miƙa masa mabuɗi, sai an ɗora masa guntuwar zana a ka.