Niƙan Fari Na Kaji Ne

Ga ta nan ga ta nanku, da ɗuminta.

Ta zo mu ji ta, kafin ta huce.

A wani gari can bakin daji an yi wata Bushiya mai gasa gurasa. Tanderunta ɗaya, amma hannunta da albarka. Sai dai akwai ta da maƙo, ko ɓarɓashi ne ya faɗi ƙasa sai ta tsince shi. Garin alkama kuwa niƙaƙƙe take saye a kasuwa, a wurin Kurege. Shi ko Kurege, duk mudun da zai auna sai ya zuba farin yashi a ciki don ya cika. Gari fari, yashi fari, wa zai gane?

Babbar mai cinikin Bushiya wata tsohuwar Kura ce, wadda haƙora uku kacal suka rage mata. Ƙashi ya fi ƙarfinta, sai ta koma gurasa da romo. Kullum la'asar Bushiya ke kai mata guda goma.

Ran nan Kura ta gatsa gurasa, sai ji kake ƙaras! Haƙori ya fita. Ta tofo shi a hannu, ta duba, ta ce, "Ke Bushiya, gurasa kika gasa mini ko tubali?"

Bushiya ta ce, "Ranki ya daɗe, tsautsayi ne."

Kura ta ce, "To, tsautsayi ya ci ɗaya. Saura biyu."

Sai Bushiya ta tafi wurin Kurege da ƙorafi. Ya dafe ƙirji, ya ce, "Ni? Garina ko jariri aka dama wa sai ya sha. Ki dai duba tanderunki, shi ke zubo miki ƙasa."

Ta koma ta goge tanderu tas, ta sake sayen garin, ta gasa, ta kai. Kura ta gatsa, ƙaras! Na biyu ya fita. Wannan karon Kura ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Saura ɗaya. Ki buɗe kunnenki. Duk wanda abincinsa ya fitar mini da wannan, shi ne abincina a ranar. Haɗiye shi zan yi, ko da ƙaya a bayansa. Kuma kar ki ce za ki daina kawowa, na san ƙofar gidanki."

Bushiya ta koma gida. Ta zauna ta yi tunani, ta ce, "Gari ba ya faɗin abin da ke cikinsa. Tsaba kuwa ido na ganinta."

Ranar kasuwa sai ta wuce rumfar Kurege ko kallo, ta je wurin manoma ta sayi tsabar alkama mudu uku. Ta zo ta bakace a faifai, ƙaiƙayi ya fita. Ta rege a ƙwarya, tsakuwa ta kwanta a ƙasa, ta zubar. Ta shanya a tabarma, ta zauna da sanda tana korar kaji, ko ƙwaya ɗaya ba su samu ba.

Da alkama ta bushe, sai ta janyo dutsen niƙan da ta gada wurin uwarta. Ashe dutsen ya yi sulɓi, alkama sai zamewa take yi. Da sassafe ta kira tsoho Kunkuru, mai sana'ar koɗa dutse. Ya zo da makoɗinsa, ya zauna yana saran fuskar dutsen, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har ta yi kaushin da za ta kama hatsi.

Da ya gama ya ce, "'Yar nan, niƙan fari na kaji ne."

Ta ce, "To, Baba."

Ya rataya jakarsa ya ce, "Niƙan fari na kaji ne."

Ta ce, "Na ji, Baba."

Ya kai bakin zaure, ya miƙo wuya ya sake cewa, "Na kaji ne fa."

Kunkuru ba mai dogon bayani ba ne, ita kuma ba ta tambayi dalili ba. Yana fita ta taɓe baki, ta ce, "Ni da sayen alkama, kaji da cin gari? Canfin tsofaffi ke nan."

Sai ta share dutsen, ta durƙusa, ta kama niƙa. Gari ya fito fari fat, ga nauyi a hannu. Ta tankaɗe, ta cika ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ce wannan na Kura ne.

Ana nan sai ga Kurege, wai ya zo gaisuwa. Alhali zuwa ya yi ya ga abin da ya raba shi da mai ciniki. Bushiya ta buɗe masa ƙwarya don ta ƙona masa rai. Ta ce, "Ka ga gari. Niƙan fari ne. Wai Kunkuru cewa ya yi in ba kaji."

Kurege ya ce, "Kaji? Ai Kunkuru surukinsu ne, dole ya nema musu."

Suka yi dariya, ya yi sallama. Amma bai yi nisa ba, sai ya laɓe bayan danga. Bushiya na ɗaukar tulu ta nufi rijiya, ya shigo ya sure ƙwaryar. Nufinsa ya gasa ya kai wa Kura, ciniki ya dawo hannunsa, Bushiya kuma ta je hannu rabbana ta gamu da gamonta. Da nasa garin kuwa bai yarda ya gasa ba, don ya san abin da ke ciki. Ya ari tanderun maƙwabta ya kama aiki.

Bushiya ta dawo ba ƙwarya, ba gari. Ta yi kuka, ta yi Allah ya isa. Ta dubi rana ta ga kuka ba zai hana la'asar yi ba, sai ta sake durƙusawa a gaban dutse. Wannan garin bai kai na farko fari ba, ita kuwa tana niƙa tana tsaki. Ta kwaɓa, ya tashi, ta manna a tanderu, ta kwashe guda goma ta ruga.

Ta tarar da Kurege durƙushe gaban Kura, ya jera gurasa a faifai, yana cewa, "Ranki ya daɗe, niƙan fari ce, babu irinta a garin nan."

Bushiya ta ce, "Ƙarya yake! Garina ne ya sace!"

Kura ta dubi Kurege ta ce, "Na wane ne?"

Ya ce, "Na rantse nawa ne."

"Kai ka niƙa?"

"Na rantse da hannuna na niƙa."

"Ba hannun Bushiya a ciki?"

"Na rantse ko warinsa ba ta ji ba."

Kura ta ce, "To, ke yi mini shiru."

Ta ɗauki ɗaya ta tsoma a romo, ta gatsa. Ƙaras! Na uku ya faɗo cikin akushi.

Kurege ya fara ja da baya, ya ce, "Ranki ya daɗe, in an bi ta gaskiya, garin Bushiya ne."

Kura ta ce, "Sau uku ka rantse."

Sai ta cafke shi ta haɗiye shi tsabarsa, ba niƙa, ba tankaɗe. Ta kora da romo. Sannan ta jawo gurasar Bushiya ta mamula da dasashi, ba ta ji ko ƙwayar yashi ba. Ta ce gobe ma a kawo goma.

Bushiya ba ta zame ko'ina ba sai gidan Kunkuru. Ta zube ta gaishe shi, ta ba shi labari, ta ce, "Baba, ni da na bakace, na rege, ina tsakuwa ta fito?"

Ya ce, "Daga jikin dutsen. In an koɗa dutse, ɓarɓashinsa na maƙale a ramukan, tsintsiya ba ta fitar da shi. Niƙan fari ke wanke shi. Shi ya sa ake fara niƙa 'yar dusa a watsa wa kaji, su tsakuwa ba ta dame su ba."

Bushiya ta ce, "Amma duk da haka ya cuce ni, mudu guda fa ya sace mini."

Kunkuru ya ce, "Ba gari ya sace miki ba, 'yar nan. Ajalinki ya ɗauka ya gudu da shi."

Tun daga ranar, duk lokacin da aka koɗa dutsen Bushiya, kaji ne ke fara ci. Tana watsa musu tana harararsu, amma tana watsawa.

To kun ji. In babba ya faɗa muku magana har sau uku, ku tambayi dalili, don ba kullum ake samun ɓarawon da zai sace wa mutum wautarsa ba.

Ƙurunƙus kan ɗan dutsen niƙa. Ba don Kurege ya riga ni rantsuwa ba, da na rantse muku an yi haka.