Barmani Mai Gwanjo da Abin Cikin Gulbi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata mata ce ana ce mata Barmani, tana sayar da gwanjo a wani gari na bakin gulbi. 'Yarta ɗaya tak, sunanta Tasalla. Kayan nan daga ƙetaren teku suke zuwa. Mutanen can sadaka suka bayar, sai 'yan kasuwa suka ɗaure su dila-dila suka aiko. In Barmani ta yanke dila, sai ta ware masu kyau ta kai kasuwa. Yagaggu kuwa, da manyan rigunan sanyi da ba mai iya sawa a zafin ƙasarmu, sai ta cusa a buhu.

Ran nan da la'asar ta kai buhu ɗaya bakin gulbi ta zazzage. Sai ta ji murya daga ƙarƙashin ruwa.

"Barmani, na wa ne waɗannan?"

Ta waiga, ba kowa. Ta ce, "Na wanda ba shi da riga ne."

Muryar ta ce, "To, ni ba ni da riga."

Sai Barmani ta kwasa da gudu. Ba ta faɗa wa kowa ba.

Kasuwa ta zagayo, ta yanke wata dila. Sai ta kai buhu biyu. Ta tarar ruwan ya yi baƙi, kifaye sun taso ciki sama. Tana zazzagewa, sai wani hannun riga ya ɗago daga ruwa, babu hannun mutum a ciki, ya janye kayan ƙasa.

Muryar ta ce, "Sun yi mini kaɗan. Ƙaro."

Barmani ta koma gida, ta rantse ba ta ƙara zuwa. Amma tsummokara suka cika ɗaki, suka cika zaure, har ba wurin shimfiɗa tabarma. Sai ta ce wannan ne na ƙarshe. Ta cika buhu uku, ta aza wa Tasalla ɗaya.

Suna isa, sai ruwa ya dare. Wani abu ya miƙe, tsawonsa kamar rimi. Jikinsa duk riguna ne da wanduna a nannaɗe, laka na zuba. Hannaye sun fi dubu, ba fuska.

Ya ce, "Riguna sun ishe ni. Saura jikin da zai sa su."

Sai hannayen suka naɗe Tasalla suka shige da ita ciki.

Barmani ta durƙusa ta ce, "Ka ɗauke ni, ka bar mini ita."

Ya ce, "Abin da aka kawo mini ba na mayarwa."

Sai ta damƙi hannun wata riga ta ja da ƙarfinta duka. Rigar ta fizgo. Abin ya yi nishi, ya ɗan rage tsawo. Ta fizgi ta biyu, ya ƙara nishi. Amma ita kaɗai ce, rigunan kuwa ba iyaka.

Sai ta ruga cikin gari, ta tsaya tsakiyar kasuwa ta faɗi abin da ta aikata, ba ta ɓoye komai ba. Wasu suka shige gida suka sa sakata. Wani tsohon tela, Jatau, ya ɗauki almakashinsa ya ce, "Mu je." Mata suka bi shi, masunta ma suka bi.

Jatau na yanka, mutane na ja. Abin ya kama ƙafar wannan, a yanke. Ya shaƙe wuyan wancan, a yanke. Tun yana kamar rimi, ya koma kamar rumbu, ya koma kamar turmi. Rana na shirin faɗuwa suka buɗe wata ƙatuwar rigar sanyi, sai ga Tasalla a ciki, numfashinta sama-sama.

Aka wanke kayan aka shanya. Jatau ya rage girman riguna masu ɗan kyau ya ba yara. Mata suka haɗa bargon faci, suka tufka igiya, suka cusa matasan kai. Ba abin da ya koma ruwa.

Tasalla ta rayu, amma sai da ta shekara ba ta yi magana ba. Ran da bakinta ya buɗe, ta dubi uwarta ta ce, "Inna, akwai saura a ƙasa. Ina jin su suna motsi."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, nan ta tsaya. Rigar da kuka gaji da ita, ku ɗinke ta ko ku nema mata wani amfani. Kada ku kai wa gulbi.