Ɓataccen Sa da Shaidu Uku

Akwai wani manomi mai shanun huɗa biyu, ja da baƙi, ba shi kuwa da wasu. Da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta jiƙu, kowa ya fito da garmarsa, sai aka wayi gari jan ya tsinke igiya ya tafi. Sa guda ba ya jan garma. In ƙasa ta bushe bai yi huɗa ba, noman shekarar ya wuce shi, ga baki tara a gidansa.

Sai ya tashi ya tafi cigiya. A ƙauyen farko ya tarar da wata mace a bakin rijiya, ta ce masa, “Na ga wani jan sa da hantsi, ya sha ruwa kamar zai ƙarar da kwamin da ake shayar da dabbobi. Bakinsa fari fat, sai ka ce gari ya ci. Gabas ya yi.” Manomin ya miƙe gabas, ya wuni yana tafiya, bai ga kome ba.

Kashegari ya isa ƙauye na biyu. Wani mai saƙar tabarma ya ce, “Na ga sa kam, amma ba ja ba ne, duk jikinsa laka. Akwai farar ƙasa a leɓensa. Yamma ya nufa.” A rana ta uku ya gamu da maharbi a wani ƙauyen kuma, shi kuwa ya ce, “Ni ban ga sa ba. Sawunsa na gani, da farar ƙura a ciki. Arewa ya bi.”

Mutumin ya komo gida ransa a ɓace. Yana cikin mutanen nan da in magana biyu suka saɓa, sai su zubar da duka biyun su huta. Ya sami tsohuwarsa a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar iri, ya zauna ya ce, “Inna, duk maƙaryata ne. Wannan ta ce gabas, wancan ya ce yamma, ɗayan ya ce arewa.”

Tsohuwar ba ta ɗaga kai ba. Ta sa ya maimaita mata maganar kowannensu daga farko, tana ajiye ƙwayar gyaɗa guda a ƙasa saboda kowane mutum. Sa'an nan ta ce, “Bar inda suka saɓa tukuna. Mene ne su ukun duka suka faɗa?”

Ya ce, “Farar ƙasa.”

“To, a ƙasar nan ina ne shanu ke lasar farar ƙasa?”

Wuri ɗaya ne tak, wato kwarin kanwa. Ya dubi gyaɗar nan uku, ya ga yadda ƙauyukan suka kewaye kwarin: yana gabas da na farko, yamma da na biyu, arewa da na uku. Ashe ba wanda ya yi masa ƙarya. San yana lasar kanwa ne, ƙishi ya fito da shi neman ruwa, ya sha ya koma. Tun ranar farko ma manomin ya wuce ta bakin kwarin, bai leƙa ba.

Ya je ya sami sansa a kwance yana tuƙa. Ya yi huɗar gonarsa ta fadama, amma ta kan tudu ta riga ta bushe, a shekarar nan ciyawa ce ta ci ta.

Ma'anar wannan misali ita ce: shaidun nan uku su ne littattafan da muke karantawa a ajinmu. Wani labarin sarakuna ne, wani waƙoƙi, wani kuwa wasiƙa ce da aka aika wa 'yan'uwa. Marubutansu ba zamaninsu ɗaya ba, kowa daga inda yake tsaye ya ba da shaida. Farar ƙasar ita ce maganar da ke ta komowa cikinsu. Sarki ya yi laifi aka gafarta masa, mai waƙa yana roƙon jinƙai, mai wasiƙa yana cewa a yafe wa juna. Abu ɗaya suke nunawa.

Na sha ganinku, yara, kuna gama littafi ku rufe, ku buɗe wani kamar ba ku taɓa karanta na farko ba. Wasunku ma gardama suke yi a kan wanda ya fi daɗi. Wannan yana damuna. Ku jera su kusa da juna, ku tambayi abin da dukansu suka faɗa, daga baya ku koma ku dubi inda suka bambanta. Iyaye da malamai kuma, kada ku yi saurin ba da amsa, tsohuwar nan tambaya biyu kawai ta yi.

Manomin ya ji duk abin da yake bukata da kunnensa. Haɗa su ne bai yi ba, shi ya sa ya rasa gonar tudu.