Barmo Ya Ƙi Ban Kwana

Laifin da za ku ga hukuncinsa a nan shi ne mutum ya ɗaure kaya ya bar gari bai yi wa kowa ban kwana ba, don ƙyashin tsaraba da gudun sallahu. Masu fita ta bayan gida, da ku nake.

A Birnin Gamjiya an yi wani attajiri, Barmo ɗan Jatau jikan Tankari, Sarkin Fatake, dogo kakkaura, mai faɗin ƙirji, mai taurin kai, wanda in ya ƙudura abu sai ya ga ƙarshensa ko da ƙafarsa za ta tsage. Yana son iyalinsa so na gaske, amma daga ƙofar gidansa zuwa waje hannunsa a dunƙule yake. Akwai wani aljani, Zangina, da kan zo kasuwa cikin siffar tsoho yana sayen farin goro a wurinsa. Ran nan Zangina ya ce, "Ya Sarkin Fatake, ubangidana Sarkin Aljanun Birnin Zumurrudu ya yaba da goronka, ya ce ka zo da iyalinka kaf ku buɗe ido. Kai ku, ni zan kai ku. Dawowa kuwa ba a hannuna take ba. Tsakaninmu da ku akwai Kogin Rabuwa, ba kwalekwale, ba mashigi. Addu'ar mutanen da baƙo ya yi wa ban kwana ita ke zame masa gada."

Barmo ya dawo gida ya tara mahaifiyarsa Inna Marka, da matarsa Tasalla, da 'ya'yansu Cindo da Ladingo, ya ce, "Na gaji da ba ku labarin duniya da baki. Bana da idonku za ku gani, kuma ba wanda zan bari a baya." Cindo ya ce shi dai a ɗora shi kan tsuntsu mai ƙaho. Ladingo ta ce sai ta ga kifin da ke waƙa. Tasalla ta ce, "Maigida, Inna fa? Gwiwarta ko bakin rijiya ba ta kai ta." Barmo ya ce, "A raƙumi za ta tafi, cikin rumfa, bisa katifa. In raƙumin ya gaji a sake wani." Aka shiga shiri haiƙan, ana daka dakuwa, ana shanya kilishi, ana ɗinke salkuna, ana gwada wa yara takalman hawan dutse.

Da komai ya kammala sai Inna Marka ta yafa mayafi ta ɗauki sanda. Barmo ya ce, "Inna, ina zuwa?" Ta ce, "Ban kwana." Ya ce, "Inna, ki rufa mini asiri. Kowa ya ji sai ya ce a riƙo masa abu. Raƙuma nawa gare ni da zan yi wa gari dako?" Ta ce, "Ɗan nan, ni na haife ka ko kai ka haife ni? Tasalla, kamo yaran." Gida gida suka bi, tana ɗingishi tana neman gafara, wannan ta ce a riƙo mata allura, wancan ya ce a ɗebo masa ƙasar can ya gani, kowa yana rako su da "Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku." Da jama'a suka biyo don su sallami maigidan, sai ya shige ɗakin goro ya ja ƙofa, ya sa aka ce ba ya nan. Suka gaji da tsayuwa suka watse, ba wanda ya yi masa addu'ar dawowa. Ko fada bai je ba, don kada Sarki ya ɗora masa saƙo. A ransa cewa yake, ai gida ɗaya muke, gadar Inna ta ishe mu.

Zangina ya naɗe su da raƙumansu cikin guguwa ya ƙetare kogin, daga nan aka bi ƙasa. Suka ratsa Kwarin Iska, inda iska ke tsinke maganar mutum daga bakinsa ta kai wa na bayansa, Barmo ya ɗaure iyalinsa da igiya ɗaya ya ja gaba, ƙirji a buɗe. Suka hau wani dutse mai sulɓi, santsi kamar an shafe shi da man shanu, ya sassare matakai da gatari har tafin hannunsa ya fashe, bai ce a koma ba. A haka suka isa Birnin Zumurrudu, mai ganuwa koriya shar, mai soraye masu juyawa suna bin rana, mai ƙoramu masu gudu sama maimakon gangare. Sarkin Aljanu, mai kwarjini, mai murya kamar tsawa daga nesa, ya ce, "Maraba da mai farin goro. Garina garinku ne." Barmo ya faɗi ya ce, "Ran Sarki ya daɗe, mun ga abin da baki ba ya iya faɗi." Cindo ya hau tsuntsunsa, Ladingo ta ji waƙar kifinta, Inna da Tasalla suka bi kasuwa suna cika sallahun mutane, Barmo kuwa ya labta wa raƙumansa alharini da lu'ulu'u.

Ranar komawa suka tsaya bakin Kogin Rabuwa, baƙi ƙirin, mai tafasa ba wuta. Inna ta sa sanda, sai ga gada faffaɗa ta miƙe gabanta. Tasalla da yara suka taka, kowa tasa ta fito. Barmo ya taka, ba komai sai tururi. Ya juya ya hau ta Inna, ƙafarsa ta zarce kamar ya taka hayaƙi, da ƙyar Zangina ya fizgo shi. Ya ce, "Zangina, ɗauki rabin kayana ka ƙetarar da ni." Zangina ya ce, "Ya Sarkin Fatake, ba a sayen wannan. Wanda ba a roƙa masa dawowa ba, nan yake zama."

Inna Marka ta dubi aljanin ido cikin ido ta ce, "Bawan Allah, gadar nan tawa ce?" Ya ce, "Taki ce, Inna." Ta ce, "Abin da na goya fa?" Zangina ya ce, "Goyo jikin uwa ne. Amma goyo ba ya zuwa da kaya, ko rawani." Ta kwance mayafinta ta durƙusa ta ce, "Hau." Barmo ya ce, "Inna, zan karya ki." Ta ce, "Da iyalina na fito, da iyalina zan koma. Hau, kada ka sa in maimaita." Ya tuɓe rawani da babbar riga, ya hau yana kuka. Ta ɗaure shi tamau, ta miƙe ƙasusuwanta na ƙara, ta bi gadar tana jan ƙafa, Tasalla da yara suna tafe a nasu gadojin suna kiran sunan Allah.

Ƙarshen gadar kuwa a ƙofar Gamjiya ya sauka, ranar kasuwa, rana tsaka. Gari kaf ya ga Sarkin Fatake goye a bayan tsohuwa, ƙafafunsa na jan ƙasa. Aka ruga aka tari Inna da Tasalla da yara da barka da dawowa, aka karɓi allura da ƙunshin ƙasa ana sa albarka. Shi ba wanda ya ce masa sannu.

To ga abin da Barmo ya rasa. Raƙumansa tara da duk abin da ke kansu suna can hayin kogi. Sarautar fatake, Sarki ya naɗa wani, ya ce wanda ya fita bai sallame shi ba ya sauke kansa. Zangina bai ƙara sayen goronsa ba. Zaurensa ya bushe, ba mai shigowa gaisuwa. Bayan Inna Marka kuwa bai sake miƙewa ba har ta koma ga Mahaliccinta, kuma kullum a tsakar gidansa take wucewa a duƙe, yana gani.