Kirarin da Ya Tona Asirin Ɗan Majalisa

Akwai wani ɗan majalisa, Alhaji Abdulƙuddus, ɗan Zongon Sokodé. 'Ya'yana, mutumin nan yana son kirari kamar yadda yaro ke son alewa.

Shi ne ya kai wata doka majalisa, wai a rufe ƙananan asibitocin mata na ƙauyuka, a riƙa tura masu ciki asibitin kuɗi a birnin Dapaong, gwamnati ta biya. Cikin waɗanda za a rufe har da na Korbongou.

A Korbongou kuwa akwai Hadija mai sayar da cuku. Kafin a gina asibitin, 'yarta Raudatu ta taɓa rasa ɗa a kan babur, a hanyar kai ta Dapaong haihuwa. Ga shi yanzu tana da wani cikin.

Hadija ta tara mata suka sami Alhaji. Ya rantse musu ba shi da ko kujera a asibitin kowa, tausayin mata ne kawai. Suka koma jiki a sanyaye.

Ana nan sai aka yi masa haihuwa. Amaryarsa dangin Hadija ce, don haka Hadija ta hau mota har Sokodé wajen suna.

Taro ya cika, maroƙi ya miƙe yana lissafa arzikin Alhaji, kamar yadda aka saba. Mai shanu a Adjengré, mai motoci a hanya. Sannan ya ƙara murya: "Mai asibitin mata bene biyu a Dapaong, sunan suruki a allo, riba a aljihun Alhaji!"

Daɗi ya kwashe Alhaji. Ya tashi yana gyara babbar riga, ya liƙa wa maroƙin kuɗi a goshi, wayoyi na ɗaukar bidiyo.

Hadija ta matso, ta durƙusa da ladabi, ta ce, "Ranka ya daɗe, in ƙarya ya yi maka, karɓe kuɗinka."

To, kun dai sani, babban mutum ba ya karɓe kyautar maroƙi a gaban jama'a. In kuma ya bar masa, ya amsa maganar ke nan. Alhaji ya tsaya da hannu a sama. Maroƙi kuwa tuni ya cusa abinsa a aljihu.

Kafin a gama rabon naman suna, bidiyon ya isa Lome, babban birnin ƙasa. Aka cire Alhaji daga kwamitin lafiya na majalisa, aka jingine dokar.

Raudatu ta haihu a Korbongou, da ƙafarta ta taka zuwa asibitin. Mace aka samu, lafiya lau. Ranar suna Hadija ta aika aka ɗauko maroƙin nan tun daga Sokodé, ta ba shi cinyar rago sukutum.

Darasi: Wanda aka ba amanar lafiyar mata, ya fitar da aljihunsa daga cikin maganar, ko ya faɗi gaskiya ya koma gefe. Ku tura wa 'yan'uwa, har ya kai ga wanda kuka zaɓa.